Ƙiriniyar Ɗalibi: Aikin Malami Ne Ko Na Alƙali?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata tambaya da za ta same mu ran da muka riƙe aji. Yaro ɗan shekara 15 ya ɓoye ƙararrawar makaranta, ko ya sa ƙadangare cikin akwatin allin malam. Shin malami zai hore shi, ko kuwa a miƙa shi ga 'yan sanda?

Mu fara duba doka. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda aka yi a 1959, ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba, ba a kama shi da laifi. Daga 7 zuwa 12 kuwa, sai in hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Watau doka kanta ba ta auna yaro da mudun babba.

To, tsanani yana maganin ɓarna? A 1984 gwamnatin soja ta sa ɗaurin shekara 21 a kan satar amsa, amma satar amsa ba ta mutu ba. Wane malami ne zai kai ƙarar ɗalibinsa, alhali ya san yaron zai kusa yin furfura a kurkuku? Sai ya rufe ido, laifi ya wuce ba horo. A 1999 aka sassauta: wanda bai kai 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyu. Hukumar jarrabawa ta NECO, mai hedkwata nan Minna, har yanzu tana fama da wannan cuta.

In satar amsa ke nan, balle ƙiriniya. Sabo da haka malami ya tambayi kansa abu uku. Yaron ya yi nufin cuta? An ji wa wani rauni? Ana iya gyara abin da ya ɓata? Wanda ya fasa taga, a kira ubansa, a biya, shi kuma ya yi sharar mako guda. Amma wanda ya sa wuta a ɗakin kwana, ko ya zaro wuƙa, ya wuce hannun malami.

Kurkuku makaranta ce ita ma, sai dai malamanta ɓarayi ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.