Amsoshin Tambayoyinku: Wane Takobi Zan Saya Da Kuɗi Kaɗan?

TAMBAYA: Ina cikin masu raka uban ƙasarmu hawan sallah, kuma ina sha'awar koyon wasan takobi irin na mazan jiya. Ƙarfina kaɗan ne. Wane iri zan saya da zai yi mini duka biyun? Na kuma ga wani siriri a finafinan Turawa, ko shi ya fi?
Daga mai karatu a Wurno.

AMSA: Malam, takobi ɗaya ba zai yi maka aikin nan biyu ba. Na ratayawa daban, na karawa daban.

Siririn da ka gani ya yi tashe ne a Sifen da Italiya a ƙarni na 16 da na 17. Na suka ne, 'yan birni ke rataya shi, kuma ba zai dace da rawani da alkyabba ba. Namu miƙaƙƙe ne, mai faɗi, mai kaifi biyu, irin wanda Buzaye ma ke riƙewa. Shi za ka nema.

In don hawa ne, ka tuna ruwan takobin yana cikin kube, jama'a ba sa ganinsa. Abin da ido ke kaiwa shi ne kube da mariƙi da hamila, saboda haka can za ka zuba kuɗinka, tunda araha ba ta ado. Je wurin maƙera, kamar na Maƙera Assada a Sakkwato, ka sayi ruwa marar kaifi, sannan baduku ya ɗinka maka kube da jar fata. Sau da yawa hakan ya fi sayen haɗaɗɗe sauƙi. Kafin ka biya, girgiza shi. In ka ji mariƙin yana motsi, ajiye. Juya kuben ƙasa kaɗan: takobin da ya zame da kansa zai faɗo maka lokacin sukuwa. Ja zobban hamila da ƙarfi, don a nan ake yawan ha'inci.

Yi hattara da mai ce maka takobinsa na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda ya rasu a garinku a 1837. Tsofaffin takubba suna nan, gaskiya ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba kusan 50,000 a shekara, yawanci daga Solingen ta Jamus, a yi musu mariƙi da kube a nan gida. Amma maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayon tambarin waɗannan, don haka hoton jinjirin wata ko tsatsa ba hujjar tsufa ba ce. Na gado kuwa a gidajen sarauta yake, da wuya ya fito kasuwa da arha.

Batun koyo, kada ka kara takobin ado da wani. Wutsiyar ƙarfen da ta shige mariƙinsa gajera ce, yana iya ɓallewa ya sami na kusa. Fara da sanda mai tsawo da nauyin takobi, a hannun wanda ya iya. In ka ƙware, sa maƙeri ya yi maka na sifirin mota, dakusasshe, mai dunƙulallen baki, wanda wutsiyarsa ta ratsa mariƙi har ƙarshe. Ko da shi, sai da kariyar fuska da safar hannu mai kauri. Masu wannan wasa a Turai ba sa karawa sai da hular raga.

Saura halin tsaro. Ka san yadda hanyoyin Rabah da Goronyo suke da shingayen bincike. Sanar da mai unguwa cewa ka mallaki takobi, naɗe shi cikin ƙyalle in za ka yi tafiya, kada ka rataya sai ranar hawa. Bayan sallah ka goge ruwan, ka shafa masa mai, ka ajiye inda damshin damina da hannun yara ba za su kai ba.