Darasi: Yadda muke haɗa kuɗi mu sayo ƙwan LED mai nuna launi na gaskiya

Tun da na ɗora bidiyon da na canza wa tocilata Convoy S2+ ƙwai, tambaya ɗaya ake ta turo min: a ina ka samo shi, kuma me ya raba shi da na asali? To, bari mu zauna a kai.

Abin da ya jefa ni cikin harkar nan aikin wuta ne. A nan Birtaniya tsofaffin gidaje wayar wutarsu ja ce da baƙa, sababbi kuma ruwan ƙasa da shuɗi, domin tsakanin 2004 da 2006 aka sauya tsarin. Wata rana ina ƙarƙashin matakala a wani gida a Birmingham da tocila mai farin haske fat, wallahi ja da ruwan ƙasa suka zame min kusan abu guda. Haske akwai, launi ne babu.

Farin LED a asalinsa shuɗi ne. Shuji Nakamura ya samar da shuɗin mai ƙarfi a kamfanin Nichia na Japan a 1993, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da Akasaki da Amano. Sinadarin fosfo ake shafawa a kai ya mayar da wani ɓangare na shuɗin zuwa rawaya, ido ya ga fari. Mai arha ba ya fitar da ja sosai, shi ya sa fata, nama ko lalle suke dusashewa a ƙarƙashinsa.

Ma'aunin da ake dubawa shi ne CRI, wanda ƙarshensa 100. Tocilolin kasuwa yawanci wajen 70 suke. Amma ku kula, wannan lamba matsakaicin launuka takwas ne masu laushi, R1 zuwa R8, kuma ja jawur ba ya cikinsu. Shi R9 ake ce masa, daban ake auna shi. Don haka in kun ga Nichia sun rubuta R9080, suna nufin CRI aƙalla 90, R9 aƙalla 80. R9050 ya gaza shi a wajen ja. Ni dai 519A mai R9080 a 4500K na fi so. Mai son haske mai ɗumi ya nemi 2700K. Sai dai akwai abin da za ka rasa: hasken zai ɗan ragu idan an gwada da mai CRI 70.

Me ya kawo haɗa kuɗi? Masana'anta a naɗe take sayar da ƙwan, dubbai a naɗi ɗaya, kai kuma uku kake so. In ka saya kai kaɗai wajen ɗan kasuwa, kuɗin aike ya fi kuɗin kaya. Sai muka yi kamar adashe: kowa ya faɗi adadinsa, ya biya tun kafin a yi oda, mutum ɗaya ya karɓa ya rarraba. Bashi ba ya cikin tsarin, ko da ɗan uwanka ne. A lissafa harajin VAT na kashi 20 da kuɗin ambulan tun farko, kada mai tarawa ya ƙare da cikawa daga aljihunsa.

A zagayen farko ni na riƙe kuɗin, kuma na sha kunya. Na ce wa dillalin 4500K kawai, ban nemi cikakkiyar lambar rukunin ba. Ashe ƙwai biyu za su iya zama 4500K ɗaya, wani ya karkata zuwa kore, wani zuwa ruwan hoda. Wannan karkata ita ake aunawa da Duv: sama da sifili kore, ƙasa da shi hoda. Namu ya zo da kore-kore, mutum goma sha huɗu kowa na kirana. Da kuɗina na sake yi wa huɗu oda. Yanzu ba na tura ko fam ɗaya sai an aiko min hoton takardar da ke jikin naɗin, sannan in sayi biyar in gwada su a jikin farin bango.

Kafin ka sa suna, buɗe tocilarka ka duba. 519A girmansa 3535 ne, wato milimita 3.5 kowane gefe, kuma wajen bolt 3 yake ci, don haka yana hawa gurbin XP-G ko XP-L. B35AM kuwa bolt 6 yake so, ba zai yi aiki da direban S2+ na yau da kullum ba. Wajen mannawa, shafa dalma 'yar kaɗan a kan faifan jan ƙarfe na milimita 16, ɗora ƙwan da hantsaki kana lura da gefen tabbatacce da korau, sai ka ɗumama daga ƙasa. Dalmar Sn63Pb37 a digiri 183 take narkewa. Da ka ga ƙwan ya ja kansa ya zauna daidai, sauke shi. Ka ƙara guda biyu a odarka, domin na farko ba kasafai yake tsira ba.

Waɗanda suka rage a bar su cikin ledarsu a rufe tare da ɗan ƙunshin tsotse danshi, saboda ƙwan da ya sha raɓa yana iya lalacewa idan ya ji zafi. Zagaye na gaba 3500K za mu ɗauko, kuma a wannan karon wani ne zai riƙe kuɗin, ni gwaji kawai zan yi.