Gidan Ruhubanawa na Sumela: Tarihinsa da Matsalar Gyara Shi Domin Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Wannan maƙala ta ɗauki gidan ruhubanawa na Sumela da ke lardin Tarabzon, arewa maso gabashin Turkiyya, domin nazarin abin da kan sami wurin ibada idan masu shi suka watse, hukuma ta gaje shi. Ruhubanawa su ne Kiristocin da suka ƙaurace wa aure da harkokin duniya domin bauta.

Taƙaitaccen Tarihi

An gina Sumela a jikin wani tsauni, kimanin mita 1,200 sama da matakin teku. Ruwayar cocin Otodoks ta danganta kafuwarsa ga ruhubanawa biyu, Barnabas da Sofroniyos, wajen shekarar 386. Sai dai bunƙasarsa ta zo ne a zamanin Sarki Alekziyos na Uku (1349-1390). Da Daular Usmaniyya ta ci Tarabzon a 1461, sarakunanta sun ba gidan takardun kariya, ibada ta ci gaba. Musayar al'umma tsakanin Turkiyya da Girka a 1923 ce ta mayar da shi kufai. Daga baya gobara ta ci sassan katako, masu ziyara kuma suka yi ta kankare zane-zanen bangon suna rubuta sunayensu.

Aikin Gyara

A 2015 hukuma ta rufe wurin saboda duwatsun da ke ruftowa daga sama. Mafi yawan aikin ya tafi ne a kan tsaunin: mahaya dutse suka sauko da duwatsun da suka yi rauni, aka ɗaure sauran da ragar ƙarfe. Daga 2019 aka fara buɗe shi kashi-kashi.

A nan ne gizo ke saƙar. A doka, Sumela gidan tarihi ne, mai shiga sai ya yanki tikiti. Tun 2010 aka ba da damar yin addu'a a cikinsa, amma sau ɗaya a shekara, da izinin gwamnati. A 2022 wani bidiyon kiɗa da rawa da aka ɗauka a harabarsa ya fusata Girka da shugabannin cocin. A ganin wannan maƙala, rikicin ya samo tushe ne daga tsarin gyaran kansa: an kashe kuɗi wajen tsare bango da lafiyar baƙi, amma jikokin waɗanda suka yi ƙarnoni suna bauta a wurin, waɗanda akasarinsu ke Girka a yau, ba su ne ke yanke hukunci kan abin da ya halatta a yi a ciki ba.