Amsar Tambaya: Aikin Leza Zai Raba Ni da Tabarau?

Tambaya: Shekaruna 32, na gaji da tabarau. Idan aka yi mini aikin ido da leza, na rabu da shi ke nan?

Amsa: Malama, aikin da ake kira LASIK yana sassaƙa fatar gaban ido mai kama da gilashi, domin haske ya sauka daidai a can cikin ido. Yana gyara rashin hango nesa, kuma yawancin waɗanda aka yi wa suna gani sosai cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai nasararsa ta rataya ne a kan gwajin da za a fara yi miki. Dole fatar ta yi kauri, lambar tabaranki ta tsaya shekara guda ba ta canza ba, kuma ba ki da juna biyu ko ciwon sukari da ya ƙi saituwa.

Wasu za su ce an yi wa miliyoyi lafiya lau, to tsoron me? Gaskiya ne, amma bushewar ido na watanni abu ne sananne, ƙurar hunturu kuma tana ƙara ta, wasu ma suna ganin walƙiya kewaye da fitilun mota da dare. Sannan bayan shekara 40 ido yana rage ganin kusa, don haka tabaran karatu zai iya dawowa. Aikin ba ya hana yanar ido ko hawan jinin ido. Ki je wurin ƙwararren likitan ido a auna ki. Idan ya ce idonki bai dace ba, ki karɓi shawararsa. Allah ya ba da lafiya.