Yadda Ake Gwajin Koyarwa a Rabin Aji

Duk mai neman takardar shaidar malanta ta NCE a Nijeriya sai ya fita gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira TP. Karatun shekara uku ne, kuma a tsarin hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don kula da kwalejojin ilimi, zangon farko na shekara ta uku a gaban yara ɗalibi yake cinye shi. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba ya fita da takarda, ko da ya ci sauran darussa duka. Haka abin yake ga mai karanta lissafi da mai karanta Hausa. Sai dai akwai rukunin da gwajinsu ya sha bamban da na kowa, wato 'yan sashen renon yara da ilimin farko, ECCE, waɗanda ake turawa rabin aji wurin 'yan shekara uku zuwa biyar. Mafi yawansu mata ne, shi ya sa zan riƙa cewa ɗaliba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Saboda haka firamaren gwamnati da dama, a birni da ƙauye, sun ware ɗaki ga 'yan rabin aji. Ɗaki ya samu. Malamar da ta san kan yaran ita ce har yanzu ake nema, kuma a watannin gwajin nan ake gina ta ko a ɓata ta.

Shiri yana farawa tun a shekara ta biyu, da ƙaramin gwaji a cikin kwaleji. Dabarar ta fito ne daga Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ɗaliba ta tsaya gaban 'yan ajinsu na minti biyar zuwa goma, ta gwada abu guda tak, kamar buɗe darasi ko jefa tambaya, a yi mata gyara, ta sake. Yana cire tsoron tsayawa gaban mutane, kuma iyakar amfaninsa ke nan. Baligin da ya zauna yana kwaikwayon yaro ba zai ɓarke da kukan a mai da shi gida ba, ba zai yi barci a tsakiyar waƙa ba. Don haka kwalejin da ke da makarantar gwaji a harabarta, ya kamata ta kai ɗalibai can su zauna da yara na gaske tun kafin a tura su waje.

Daga nan kwamitin gwaji na kwaleji yake tuntuɓar hukumar SUBEB ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, a fitar da makarantun da za su karɓi ɗalibai. A yi taron wayar da kai a kan sutura, zuwa da wuri da mutunta ma'aikata. A ba kowa takardar turawa ta kai wa hedimasta, ya sa hannu, ta mayar wa kwaleji. A nan ake yawan samun tuntuɓen farko. Hedimastan da ke fama da ƙarancin malamai yana ganin ɗaliba sai ya ce, "Malama, aji huɗu ba su da malamin Ingilishi, ki taimaka mana." Buƙatarsa gaskiya ce, amma wadda ta koyi renon yara in ta yi zangonta a aji huɗu, ba a gwada ta a kan abin da ta koya ba. Kunya ba za ta bar ɗaliba ta yi musu da hedimasta ba. Kwaleji ce ya dace ta rubuta sunan ajin ɓaro-ɓaro a takardar, ta kuma bi sawu.

Makon farko ba na koyarwa ba ne, kuma shi ne makon da aka fi yi wa rowar lokaci. Ɗaliba ta samu gefe ta zauna a tabarma, daidai tsayin yaran, da littafi a hannu. Ta haddace sunaye, har da sunan da ake kiran yaro a gida, domin wanda aka rubuta Muhammadu a rajista wataƙila Abba kawai yake amsawa. Ta lura da wanda yayarsa ke rakowa, da wanda ke zuwa bai karya ba, da wadda ba ta magana sai da ƙawarta guda. Ta gane wanda ba ya juyowa in an kira shi ta baya, don mai yiwuwa kunne ne ke damunsa, ana ta ɗaukarsa mai taurin kai. In akwai ɗan Fulani ko Babarbare da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ta san da shi. Ta ga yadda malamar aji ke tara su bayan asambuli, yadda take kai su banɗaki, inda ake ajiye buta da sabulu, da abin da ke faruwa in an tashi tara. Yana da kyau ta zaɓi yaro ɗaya ta riƙa rubuta abin da ya yi da abin da ya faɗa, ba tare da yanke masa hukunci ba. "Ya jera duwatsu bakwai, ya ƙirga ya tsallake biyar" rubutu ne mai amfani. "Ba shi da ƙoƙari" ba ya gaya wa kowa komai.

Wannan zama shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Ɗalibar da aka miƙa wa alli tun ranar farko, malamar aji kuma ta samu hutu ta koma inuwa, abin da za ta yi shi ne abin da aka yi mata tana ƙarama: ta tsaya a allo ta ɗaga murya, yara su maimaita, har a tashi. In ta saba da haka a gwaji, da wuya ta rabu da shi a aiki.

A mako na biyu take fara karɓar aji kaɗan-kaɗan. Yau ta ja waƙar safe, gobe ta ba da tatsuniya, jibi ta ɗauki darasi guda, malamar aji tana zaune tana kallo. Kowane darasi sai an rubuta masa lesin not daga manhajar zangon, hedimasta ko malamar aji su duba su sa hannu kafin a shiga da shi. Manufar darasin ta zama abin da ido zai gani. Kada a rubuta cewa yara za su fahimci lamba uku. A rubuta cewa kowane yaro zai ɗebo abu uku daga cikin tari. A yanka darasin gunduwa-gunduwa, domin ɗan shekara huɗu ba ya zama wuri ɗaya fiye da minti goma zuwa sha biyar hankalinsa na tare da kai. A zauna, a tashi a yi tsalle, a rera, a koma ga aikin hannu.

Kayan koyarwa kuwa, ɗalibai kan kashe kuɗin da ba su da shi wajen sa mai zane ya ƙawata musu kwali, a manna a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa. Abin da ya fi shi yana zube a unguwa kyauta. Marafan kwalba na ƙirga da ware launi. Karan dawa, wanda yaran karkara suka riga suka iya yin mota da tabarau da shi. Yumɓu na gina tukunya da saniya, wanda ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir nan gaba. Yashi a faranti, yaro ya zana harafi da yatsa, ya share ya sake, babu tsoron kuskure. Sharaɗin shi ne kayan su wadatu har kowa ya taɓa. Kuma a yi hattara da ƙananan abubuwa irin su wake da 'ya'yan tsamiya a wurin 'yan shekara uku, don hanci da kunne suke kai su.

Sai harshe. Manufar 2013 ta tanadi a wancan lokaci a koyar da waɗannan yara da harshen uwa ko na unguwar da suke. Ɗalibai da yawa kuwa suna rikiɗewa zuwa Turanci da zarar sun hango baƙo, su sa yara rera abin da ba su san ma'anarsa ba. Yaron da aka ba labarin Gizo da Ƙoƙi da Hausa, aka tambaye shi me yake jin zai faru, ya ba da amsa har ya yi gardama, ya yi tunani a ranar. Wanda ya maimaita jimlar Turanci sau ashirin, baki kawai ya motsa.

Abin da ya fi girgiza ɗaliba shi ne yawa. Manufar 2013 ta ce malami ɗaya ga yara 25, amma ba abin mamaki ba ne ta tarar da ninkin haka ko fiye a ɗaki ɗaya. A nan hannu ke ƙaiƙayin ɗaukar bulala, kuma a nan ake gane wadda ta koyi aikin. Dabarun ba ɓoyayyu ba ne: tafi na musamman da yara suka san ma'anarsa shiru, rage murya maimakon ɗaga ta, raba aji rukuni-rukuni malamar aji ta riƙe wasu, ba mai ƙiriniya aikin raba kaya. Yaron da ya yi fitsari a zaune a janye shi a hankali a gyara shi, kada a bari aji ya yi masa dariya. Yadda ɗaliba ta yi da wannan yaro ya fi gaya mini ko wace ce ita fiye da kyan rubutunta a allo.

Yanzu ga zuwan sufabaiza, malamin da kwaleji ta turo ya duba. Ƙa'ida ita ce ya zo ba sanarwa, ya gaisa da hedimasta, ya karɓi lesin not ya karanta, ya shiga tun farkon darasi, ya zauna a baya har ƙarshe. Takardar makinsa tana da gurabe: shirin darasi, gabatarwa, kayan aiki, riƙon aji, auna fahimta, da kamalar malami. Ana so malamai daban-daban su ga ɗaliba a lokuta daban-daban, don kada makinta ya rataya a kan ra'ayin mutum ɗaya ko ranar da ta tashi ba lafiya. Asusun TETFund yana tallafa wa kwalejojin gwamnati da kuɗin wannan zirga-zirga. Amma in aka ɗora wa malami ɗaya ɗalibai masu yawa a garuruwa masu nisa, sai ka ga ya leƙa minti goma ya wuce, ko ya tara littattafai a ofishin hedimasta ya ba da maki bai ga yaro ko ɗaya ba. Wannan zalunci ne ga ɗalibar da ta yi shiri, kuma ya fi zama zalunci ga yaran da za a damƙa wa wadda ba ta yi ba.

Ko wanda ya zauna har ƙarshe, akwai inda ya kamata ya ajiye idonsa. A aji shida ana iya kallon malami a san darasi. A rabin aji yara ake kallo. Hannu nawa ne ya taɓa kayan aiki? Su wa aka kira da suna, su wa aka manta a lungu? Yaran suna matsowa jikinta ko suna noƙewa in ta ɗaga hannu? Ajin da ya yi tsit kamar an ɗauke ruwa ba lallai ne alamar ƙwarewa ba, sau da yawa tsoro ne. Shi ya sa ya fi dacewa mai duba 'yar ECCE ya kasance daga sashen, ko aƙalla an yi masa bita. Malamin da ya saba da manyan azuzuwa zai iya rage mata maki saboda ta zauna a ƙasa tana wasa da laka, alhali aikin ke nan.

Bayan darasi sai a keɓe, ba a gaban yara ba, kuma a gayyato malamar aji, domin ita ce ke ganin ɗalibar kullum, shi kuwa sa'a guda ya gani. Sufabaiza nagari da tambaya yake farawa.

"Malama, ke a ganinki yaya darasin ya tafi?"

"Malam, da farko sun biyo ni, amma da na raba marafan sai suka rikice."

"Me ya rikita su?"

"Ina jin na raba kafin in gaya musu abin da za su yi."

Da bakinta ta gano gyaran, kuma irin wannan ba ya barin mutum. Daga nan ya faɗi abin da ta yi daidai, ya ambaci wurin takamaimai, sannan ya ɗora mata gyara ɗaya ko biyu da za ta iya aiwatarwa gobe da safe. Gyara goma a zama ɗaya karya gwiwa ne. Ya rubuta su a littafinta da kwanan wata, domin wanda zai zo bayansa ya fara da duba ko an gyara. In babu wannan zance, ziyarar ta zama awo kawai, ɗaliba ta san makinta ba ta san dalilinsa ba.

Zuwa tsakiyar zango ya kamata ta iya riƙe yini guda cur, daga tarbar yara a ƙofa har miƙa kowane ga wanda ya zo ɗaukarsa. Ta koyi cike rajista da dayari, ta halarci taron malamai, ta iya tsayawa da uwa ta gaya mata abin da ɗanta ya iya kafin ta kawo abin da ya rage masa.

A ƙarshen zango hedimasta yana rubuta rahoto a kan zuwanta da ɗabi'arta. Kwaleji ta haɗa makin masu dubawa, malamai daga wata cibiya su zo su tantance wasu daga ciki don a tabbatar ba a yi son kai ba. Wadda ta ci ta koma ta ƙarasa zangon ƙarshe, bayan kammalawa kuma ta nemi rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ba ikon tantance malamai. Kafin ta bar makarantar akwai aiki biyu da takardar maki ba ta tambaya. Ta miƙa wa malamar aji abin da ta rubuta game da yaran, musamman wanda take zargin yana da matsalar ji ko gani, don a sanar da iyayensa su kai shi asibiti. Sannan ta gaya wa yaran tun saura 'yan kwanaki cewa za ta koma makarantarsu ta manya, ta bar musu kayan da ta haɗa su ci gaba da aiki da su.