Yadda Ake Auna Damar Ɗalibi ta Samun Gurbi a Babbar Jami'a

Da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin ɗalibai da iyayensu a Mashi da sauran garuruwan shiyyar Daura: wannan maki zai kai yaro Zariya kuwa? Akan kawo wa malami lamba guda, a ce 250, a nemi ya yanke hukunci nan take. Malamin da ya san aikinsa ba zai yi garaje ba, domin lambar ita kaɗai ba ta isa amsa ba.

Masana ilimin halittu sun daɗe da lura cewa kowane muhalli yana da iyakar yawan rayukan da zai iya ɗauka. Manomin gero ya san haka tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa yake rage tsiron da ya yi yawa a rami guda, ko da kuwa duk masu lafiya ne. Tsiron da aka cire ba lalatacce ba ne, wuri ne ya yi kaɗan. Haka sha'anin jami'a yake. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa tana ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, a fannin likita kuma majalisar likitoci ta ƙasa tana yanka wa kowace makaranta adadinta, gwargwadon malamai da kayan aiki da gadajen asibitin koyarwa. Saboda haka ana auna damar ɗalibi ne da abubuwa uku a haɗe: yawan gurabe, da yawan masu nema, da ƙofar da zai bi.

Kafin a kai ga wannan lissafi akwai sharuɗɗan da ba a sassautawa. Mai neman likitanci yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Ingilishi, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma makarantu da dama suna son a same su a zama ɗaya. D7 a Fizis ta rufe maganar, ko da ya ci 320 a JAMB. Haka nan wanda ya zaɓi darussan da ba su dace da fanninsa ba, ko wanda ya sa jami'a irin Ahmadu Bello a zaɓi na biyu, alhali masu zaɓin farko sun yi mata yawa.

Sai kuma makin. Ana yin jarrabawar a darussa huɗu, jimillar maki 400. A shekarar 2024, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8, kimanin kashi 76 cikin 100 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu takwas ne da 'yan ɗaruruwa. Wannan ya nuna cewa mai 250 ya wuce mafi yawan tsararrakinsa nesa. Amma a nan ne ruɗin yake, domin ba da dukkan ɗaliban Nijeriya zai yi gogayya ba, sai da waɗanda suka nemi fanninsa a jami'arsa, kuma zaƙaƙuran ƙasar nan sun fi taruwa a likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna da aikin jinya. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa kowace shekara, kamar 140 a 2024 da 150 a 2025, izinin shiga layi ne kawai. Abin takaici ne yadda iyaye da yawa ke ɗaukarsa alkawarin gurbi.

Ƙofofi uku

Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko. Katsina tana cikin rukuni na uku, tana kuma cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Ke nan ɗan Mashi yana iya shiga ta kowace ƙofa cikin ukun, wanda gata ne babba.

Sai dai a yi lissafin gatan. A ƙaddara wani sashe a Zariya yana da gurabe 100. Guda 35 na yanki ne, amma yankin wannan jami'a ya haɗa jihohin Arewa 19. In da za a raba daidai, Katsina ba za ta samu cikakkun gurabe biyu ba. Guda 20 na ƙofa ta uku kuwa jihohi fiye da 20 ne ke jiransu. Ashe abokan hamayyar ɗan Mashi na haƙiƙa su ne zaƙaƙuran jiharsa, daga Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da birnin Katsina, har da 'yan asalin jihar da suka yi karatu a manyan makarantun Kaduna da Abuja. Tambayar da ta kamaci malami ita ce, a cikin Katsinawan da suka nemi wannan sashe, yaron nan na nawa ne? Hanya mafi kusa ta kintatar amsar ita ce makaranta ta riƙa ajiye rajistar tsofaffin ɗalibanta: makin kowa, fannin da ya nema, da abin da aka ba shi. Rajistar shekara biyar ta fi jita-jitar tasha amfani.

Tun 2005 jami'o'i suka fara tantance ɗalibai da kansu bayan JAMB, kuma wasu suna haɗa sakamakon biyu rabi da rabi. Alal misali, mai 280 yana da kashi 70 cikin 100. In ya ci 50 a tantancewa, ya tashi da 60. Mai 240 yana da kashi 60. In ya ci 75, ya tashi da 67.5, ya sha gaban na farko. Ɗalibin ƙauye da bai saba da kwamfuta ba ya fi yin asara a wannan mataki, ba don rashin sani ba, sai don lokaci ya ƙure masa.

Da wannan awo malami zai iya sa ɗalibi a ɗaya daga matsayi uku: mai ƙarfin dama, mai rabi da rabi, ko mai rauni. Na tsakiyan ne ya fi buƙatar shawara, domin makin da ya gaza a likitancin Zariya yana iya wadatarwa a wani fannin kimiyya a can, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda take ta jiha ce kuma tana fifita 'yan jiha. Tun 2017 ana bayar da gurabe ta tsarin CAPS na intanet, inda ɗalibi ke ganin tayin da aka yi masa, kuma dole ya amsa da kansa. Wanda bai ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a can ba, ko sunansa ya saɓa da na lambarsa ta ɗan ƙasa, yana iya rasa gurbin da makinsa ya ci. Mai rauni kuwa, in ya dage sai Zariya, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, akwai kuma jarrabawar IJMB, wadda kan kai mai sakamako mai kyau aji biyu kai tsaye.