Iska, Laima da Gizagizai a Idon Matuƙin Jirgin Sama

Kalmar «iska» a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu da masana yanayi suke rabawa. Akwai iskar da muke shaƙa, wadda ta lulluɓe duniya ko tana motsi ko ba ta motsi, akwai kuma iskar da ke kaɗawa. Faransanci da Larabci kowanne yana da kalma daban domin kowace ɗaya, mu kuwa sai mahallin magana ya nuna wadda ake nufi. Ɗalibin da aka ba aikin fassara rahoton meteyo domin gidan rediyo zai ci karo da wannan tun a layin farko, kuma ba zai iya zaɓen kalma daidai ba sai ya san abin da ake magana a kai. Mun ɗauki fannin sufurin sama domin a can ne kuskuren kalma ɗaya yake iya zama asarar rayuka.

Iskar da ta lulluɓe mu tana da nauyi, kuma tana danna duk abin da ke ƙarƙashinta. Ana auna wannan danni da ma'aunin hektofaskal. A bakin teku, bisa ƙa'idar da jiragen sama ke aiki da ita, 1013 ne da ɗigo 25, a zafin digiri 15. Amma rana ba ta dumama ƙasa daidai wa daida. Inda zafi ya yi yawa iska takan buɗe, ta yi sauƙi, ta hau sama, danni ya ragu. Sai iskar wurin da danni ya fi yawa ta kwararo ta cike gurbin. Wannan kwararowa ita ce kaɗawa. Ba ta tafiya miƙe, domin juyawar duniya tana karkatar da ita zuwa dama a arewacin layin da ya raba duniya biyu, zuwa hagu a kudancinsa. Bafaranshe Gaspard Coriolis ne ya yi lissafin wannan karkata a 1835.

Da wannan kaɗai za a gane manyan iskoki biyu da ke mulkin shekararmu. Da hunturu, iska na tasowa daga Sahara ta nufi kudu, karkatar ta tura ta yamma, sai ta iso mana daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar da galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take. Da damina kuwa iskar tekun Atlantika ce ke hayo layin tsakiyar duniya, ta karkata, ta iso daga kudu maso yamma cike da laima. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa daga bazara, ta kai ƙarshen tafiyarta wajen watan Agusta, sannan ta koma kudu. Shi ya sa ruwa ke sauka Gaya kafin Maraɗi, Maraɗi kuma kafin Agadas.

A rahoton filin jirgi, wanda ake kira METAR, ana ambaton iska da inda ta fito, ba inda ta dosa ba. Idan aka ga 06015KT, ana nufin iska daga digiri 60, wato arewa maso gabas, mai gudun kulli 15. Kulli ɗaya kilomita 1 da ɗigo 852 ne a awa. Jirgi yana son tashi da sauka yana fuskantar iska, saboda abin da ke ɗaga shi gudun iska ne a kan fukafukai, ba gudun tayoyi a ƙasa ba. Iskar da ke bugun goshi tana gajarta masa titi. Babban titin filin jirgin Diori Hamani na Yamai yana ɗauke da lamba 09 a baki ɗaya, 27 a ɗayan, ma'ana gabas da yamma. Da hunturu za a fi tashi ana fuskantar gabas. To, iskar digiri 60 a kan titi mai digiri 90 ta kauce da digiri 30, kuma a irin wannan kusurwa rabin ƙarfinta ne ke bugun jirgi a gefe. Kowane irin jirgi yana da iyakar iskar gefe da zai iya jurewa.

Laima ta fi iska wuyar ganewa domin ba a ganinta. Tururin ruwan da ke cikin iska ba shi da launi; farin abin da ke tashi daga bakin tukunya ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka koma ruwa. Yawan tururin da iska ke iya riƙewa ya danganta da zafinta: a digiri 30, kusan giram 30 a kowace mita mai kusurwa uku, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya kawai. Idan aka sanyaya iska mai laima, za a kai wani mataki da ba za ta iya riƙe abin da ke cikinta ba, sai rarar ta koma ruwa. Wannan mataki shi muke ba da shawarar a kira «matakin raɓa», domin shi ne ainihin abin da ke faruwa a kan ciyawa da asubahin kaka, da kuma jikin kwalbar da aka ciro daga firji.

Matuƙi yakan dubi lambobi biyu a jere, zafin iska da matakin raɓa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. Iskar da ke hawa sama tana hucewa da kusan digiri 10 a kowace kilomita matuƙar ba ta cika da laima ba, saboda haka ana iya ƙiyasta inda gindin girgije zai tsaya: a ninka tazarar da mita 125. A ce a Tawa, farkon watan Mayu, zafi 38 ne, matakin raɓa 14. Tazara 24, gindin girgije wajen mita 3000. A irin wannan rana ce ake ganin ruwa na zubowa daga girgije kamar gezar tufafi amma ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. A ce kuma a Agusta zafi 30, matakin raɓa 23. Gindin ya sauko ƙasa da mita 900. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi, domin ƙwayar tururi ba ta kai ƙwayoyin iska nauyi ba. Zafi ma yana rage kaurin iska, kuma shi ya fi tasiri: da tsakar ranar Afrilu, jirgi mai cikakken kaya yana bukatar titi mafi tsawo fiye da yadda zai bukata da asuba.

Nan ne ya kamata a tsaya kan kalmar «hazo». Bahaushe yana kiran farin duhun hunturu hazo, yana kuma kiran farin duhun da ke kwanciya a fadama da sanyin safiya hazo. A wajen masanin yanayi abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Na farko ƙura ce busasshiya, ana rubuta ta HZ ko DU, tana iya kwana uku ba ta gusa ba, kuma fitowar rana ba ta korar ta. Na biyu ɗigon ruwa ne, ana rubuta shi FG idan ido ba ya kai mita 1000, kuma sau da yawa yakan watse da rana ta ɗaga. Mai fassarar da ya ce «hazo» kurum bai gaya wa mai sauraro ko ya jira awa biyu ba ne ko ya ɗage tafiya. A ganinmu «hazon ƙura» da «hazon raɓa» sun isa, ba sai an aro baƙuwar kalma ba.

Girgije shi ma ɗigon ruwa ne ko ƙwayoyin ƙanƙara, da suka taru a kan ƙananan ƙwayoyin ƙura ko gishirin teku. Sunayen da duniya ke amfani da su sun samo asali daga wani Bature ɗan Ingila, Luke Howard, wanda ya gabatar da rabonsa a 1802 da kalmomin Latin: sirus mai kama da zaren gashi, kumulus mai kama da tarin auduga, istiratus mai shimfiɗa kamar tabarma, nimbus mai ruwa. Yau ana ƙirga manyan nau'o'i 10. Yawan girgije kuma ana auna shi ne da raba sama kashi 8: FEW ɗaya zuwa biyu, SCT uku zuwa huɗu, BKN biyar zuwa bakwai, OVC sama ta rufe ruf.

Cikin goman nan, wanda ke hana matuƙi barci shi ne kumulonimbus, wanda Hausa ta riga ta raɗa wa suna hadari. Ɗaliban ilimin furuci sun san «hadari» da «haɗari» harafi ɗaya ya raba su. A sama ko wannan harafin babu. Idan tururi ya koma ruwa yakan saki zafin da ya ɓoye, zafin ya ƙara tura iska sama, sabuwar laima ta biyo, har girgijen ya kai kilomita 15 ko fiye a yankinmu, kansa ya baje kamar maƙera. A Sahel hadarurruka sukan jeru su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su taso daga gabas su nufi yamma. Manomi ya san haka tun kafin a ƙera na'ura, shi ya sa yake duban gabas. Iskar sanyi da ke zubowa daga cikin girgijen ta daki ƙasa ta bazu gaba, ita ce ke ɗaga jar katangar ƙurar nan da ke rufe gari kafin ruwa, wani lokaci ma ta wuce ba ɗigo, abin da ake kira holoƙo. Jirgin da ke sauka ya shiga irin wannan zubowa zai fara samun iska a goshi, ya ɗaga, sannan cikin daƙiƙoƙi ta danne shi, ta koma bayansa, gudunsa ya zube alhali ƙasa na kusa. Haka ta faru da jirgin kamfanin Delta a Dalas ta Amurka ranar 2 ga Agusta 1985, kuma wannan hatsari yana cikin abin da ya sa aka tilasta sa na'urorin gargaɗi a jirage.

Ƙanƙara kuwa ba matsalar Turai kaɗai ba ce. A can sama ɗigon ruwa yana iya zama ruwa har zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri, ya daskare nan take da ya taɓa jikin jirgi, kuma kusa da kan hadari akwai ƙwayoyin ƙanƙara masu yawa. Ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljes, ya kauce wa hadari, ya faɗi kusa da Gosi a ƙasar Mali da mutum 116, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna ƙanƙara ce ta toshe ma'aunan danni na injuna, ba a kunna na'urar hana daskarewa ba, injunan suka rage ƙarfi, gudu ya ragu har fukafukai suka kasa ɗaukar jirgin.

Masu sa ido kan waɗannan abubuwa a filayen jiragenmu ma'aikatan ASECNA ne, hukumar da aka kafa a 1959, kuma makarantarta ta horar da masana yanayi da masu kula da zirga-zirgar sama, EAMAC, a Yamai take. Aikinsu da Faransanci da Ingilishi ake yin sa. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya zama da ɗaya daga cikinsu da jerin nau'o'in girgije 10 a hannu, sannan ya kai hotunan wajen tsofaffin manoma a karkarar Damagaram ko Gobir, ya rubuta sunan da suke ba kowanne da abin da suke tsammani daga gare shi.